“Ya yi kyau, Malam”

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini wannan aiki. Ya gama karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, ya dawo Argungu yana jiran a kira su bautar ƙasa, kullum yana zaure da kwamfuta a cinya kamar mai jinyarta. Ni kuwa shekarata 14 ina koyar da 'yan aji uku da aji huɗu a wata firamare ta gwamnati a cikin gari. Wani dare ina duba littattafan lissafi da hasken waya, ina yi ina tsaki, sai ya leƙo ya ga jan biro ya cinye shafi. Ya ce, “Kawu, yaran nan da suka gagari alli, ka taɓa gwada su da waya? Bari mu yi musu wasa.”

Ban tsaya dogon tunani ba na ce bismillah. Muka yi wata biyu muna ƙulla abinmu mu biyu, shi yana rubuta manhaja, ni ina ba shi tambayoyi daga littafin aji huɗu. Mun ɗauko abin da duk ɗan Argungu yake alfahari da shi: masunci a gulbin Matan Fada, da gorarsa da homarsa. Tambaya ta fito a sama, misali 352 − 178, sai kifaye uku su taso kowanne ɗauke da lamba. Ka taɓa wanda ke ɗauke da amsar daidai, ganga ta buga, ka samu kifi. Ka tara goma, giwan ruwa ya fito. Har muna cewa bikin kamun kifin da aka fara tun 1934, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, yau ga shi mun shigar da shi lissafi. Rannan mun kwana muna yaba kanmu.

Wata Asabar da hantsi muka tara yara 12 a ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar gidanmu, bayan na bi iyayensu gida-gida na nemi izini. Wayoyi uku muka samu: tawa, ta ɗan ƙanwata, da ta maƙwabcina. Aka yi ta ihu, ganga na bugawa, kifi na tsalle. Da aka gama na jera su na tambaye su ɗaya bayan ɗaya yadda suka ga wasan. Na farko ya ce, “Ya yi kyau, Malam.” Na biyu ma haka. Har na goma sha biyu, ba wanda ya ƙara kalma ko ya rage.

Akwai wata Hajiya a unguwarmu, tsohuwar malama ce da ta yi shekara 35 a aji kafin ta ajiye aiki, ita ta fara nuna mini yadda ake rubuta tsarin darasi lokacin da nake sabon shiga. Ta fito ne kawai don ta ga abin da ya tara yara, ta zauna a tabarma tana jan carbi. Da yara suka watse na je wurinta baki har kunne, ina jiran sa albarka. Sai ta ce, “Kai bakinsu kake kallo. Ni hannuwansu na kalla.”

Ta lissafa mini abin da ta gani. Wani yaro ko tambayar ba ya dubawa, kifayen ukun yake taɓawa a jere har ganga ta buga, tunda kuskure ba ya rage masa komai. Cikin minti biyar sauran mazan duk sun koyi dabarar. Matan kuwa, da wayar ta zo hannunsu sai su riƙe ta ɗan lokaci su miƙa wa namijin da ke kusa. Wata yarinya da ta zo da farantin gyaɗarta a ka, har aka tashi ba ta taɓa wayar ba. “Kuma ka tsaya a gabansu kana malaminsu ka ce yaya aikinka yake. Wane ɗan da aka yi wa tarbiyya zai dubi tsabar idon malaminsa ya ce bai yi ba?”

Ɗan ƙanwata ya buɗe kwamfuta ya duba abin da manhajar ta ajiye. Tsakanin fitowar tambaya da taɓa kifi, lokacin bai isa mutum ya karanta lambobin ba, balle ya yi aro. Abin da muka yi wata biyu muna yi jarrabawa ce muka sa wa rigar masunci, yaran kuma suka yi mata irin abin da suke yi wa jarrabawa in sun samu kafa.

Ɗan ƙanwata ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. Daga nan ya shiga karance-karance, ya riƙa zuwa yana karanta mini da dare yana fassarawa. A nan na fara jin cewa abin da Hajiya ta gani a zaune kan tabarma fanni ne guda da ake nazari. Asalinsa ma daga masana'antu ne: a shekarun 1970 a Norway, ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta haɗa kai da wani masanin kwamfuta, Kristen Nygaard, suka ce na'urar da za ta canza wa ma'aikaci aikinsa, dole ya sa baki a yadda za a tsara ta. Daga baya aka kawo tunanin kan yara. Wata malama a jami'ar Maryland ta Amurka, Allison Druin, ta rubuta a 2002 cewa matsayi huɗu yaro ke iya tsayawa a irin wannan aiki. Ko dai a gama abu a ba shi ya yi amfani da shi ana kallonsa, ko a ba shi ya gwada kafin a fitar, ko a riƙa tuntuɓarsa tun ana cikin gini, ko kuma ya zama abokin aiki tun daga harsashi. Ita da yara 'yan shekara 7 zuwa 11 take zama, da takarda da almakashi da tarkace, kafin a taɓa kwamfuta. Mu a mataki na biyu muka tsaya, shi ɗin ma da ƙafa ɗaya.

Sai dai na gaya wa yaron nan cewa ɗan Maryland daban, ɗan Argungu daban. Can wataƙila yaro ya iya cewa babba abinka bai yi ba. Nan kunya da ladabi suna gaba da komai, kuma ban ga laifinsu ba, haka muka taso. Dabara ta rage ga mai tambaya. Abu na farko, ni na daina tsayawa a wurin. Ƙanwar ɗan ƙanwata, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ita muka sa ta zauna cikinsu, ita ba malama ba, ba kuma sa'arsu ba. Muka daina tambayar ko ya yi kyau. Sai ta ce wa yaro, “In ƙanenka aka ba wannan, ina zai maƙale?” Nan take baki ya buɗe, tunda yanzu ba Malam ake kushewa ba, ƙane ake tausaya wa. Muka raba maza da mata. Wani lokaci kuma a koya wa yaro ɗaya wasan, a ce ya koya wa na gaba, mu muna nesa muna saurare. Duk dokar da ya tsallake wajen bayani, ko dai bai gane ta ba ko ba ta da amfani.

Yarinyar nan mai gyaɗa ita ta tsaya mini a rai, don a ajina take, kuma littafinta na cikin waɗanda jan biro ya fi cinyewa. Wata ranar Laraba bayan an tashi na ci karo da ita kusa da tasha. Na ɗauki ƙullin gyaɗa uku na naira 50-50, na haɗa da ƙuli-ƙuli na 120, na miƙa mata 500. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta kwance bakin zane tana ƙirgawa a tafin hannuna: “270 ke nan. Ga murtala da goma, 300. Ga 200, ɗari biyar ta cika.” Washegari a aji na rubuta mata 500 − 270 a littafi, lamba bisa lamba kamar yadda muke koyarwa. Ta yi shiru, ta ciji biro, ta rubuta 370.

Na kai wannan shafin wurin wani malami da ke koyar da dabarun koyar da lissafi a kwalejin ilimi, wanda muka yi makaranta tare. Yana gani ya yi murmushi ya ce ya san wannan kuskuren kamar yunwar cikinsa. Ta dubi gidan gomomi ta ga 0 a sama, 7 a ƙasa, sifili ba ya ba da bakwai, sai ta juya su ta cire ƙaramin daga babba. Bakwai. Biyar a cire biyu, uku. Ga 370. Ya ce wannan yarinya tana da lissafi biyu a kanta waɗanda ba su taɓa gaisawa ba. Na kasuwa tana hawa ne daga kuɗin kaya har ta kai kuɗin da aka ba ta, kuma a can ko a mafarki ba za ta mayar wa mutum 370 ba, don ta san abin da zai same ta a gida. Na littafi kuwa dokoki ne da ta haddace ba ta san me suke nufi ba. Ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 1985 kan yara masu talla a birnin Recife na Barazil: a bakin kayansu suna lissafin ciniki daidai, a ba su irin lambobin nan a takarda su faɗi. Ya ce, “Malam, bar batun kifi. Yi mata gada tsakanin bakin zanenta da littafinta.”

Gadar da ya nuna mana tana nan a bakin kowa. Abin da muke kira aro a aji, a kasuwa sunansa fasa kuɗi. Ba ka da gomomi, kana da ɗari, sai ka fasa ɗari ɗaya ta zama goma-goma guda goma. Yaron da ya taɓa yawon neman canji ya san wannan da ƙafarsa. Don haka muka ajiye masunci muka koma kasuwa. Muka yanka kwalayen sabulu da na taliya muka yi takardun kuɗi, marafan kwalba suka zama kaya: albasar Aliero, busasshen kifin Yawuri, mudun shinkafar fadama, mangwaro.

A nan aka fara ja-in-ja tsakanin masanin da yaran, kuma ban taɓa zaton haka aikin yake ba. Na ɗauka in ka tara masu ilimi da masu amfani da abu, shawararsu za ta taru wuri ɗaya kamar ruwa a kwari. Ina! Shi malamin kwaleji so yake kuɗin wasan su zama 1, 10, 100 da 1,000 kawai, don su ne suke nuna gidajen lamba. Yaran da suka ga takardar naira 1 suka fashe da dariya. Wani ya ce ko almajiri ba ya karɓar wannan. Suka ce ina murtala, ina hamsin, ina 200, ina 500? Kuɗin da babu waɗannan ai na wasan yara ne. Su da bakinsu. Shi kuma ya dage cewa 20 da 50 da 500 suna ɓoye tsarin goma-goman da ake son su gani. Mako biyu muna wannan.

Wani yaro ɗan aji huɗu ne ya raba gardamar ba tare da ya san ya yi ba. Ya tuna lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da iyayensu ke kwana a layin mai POS, ya ce a yi kamar an shiga irin wannan lokacin, mai POS ba shi da komai sai 10 da 100 da 1,000. Shi ke nan. Zagayen farko na wasan ana ciniki da kuɗi irin na aljihu, zagaye na biyu “kuɗi sun yi wuya”, sai kala uku. Yara suka karɓa da murna don labari ne da suka sani, masanin kuma ya samu gidajen lambarsa. Ɗaiɗai kuma muka mayar da su kan ƙirgen kaya: mangwaro 43, an sayi 17, dole a kwance ƙulli ɗaya na goma.

Duk da haka abin bai yi armashi ba. Suna yi, amma irin yin da ake yi wa aikin aji. Da an ce a tashi sai su tashi, ba mai cewa a ƙara ɗaya.

Akwai wasu dattawa da ke dara a gindin wata bishiya kusa da kasuwa tun ina yaro. Gurabe 30 a ƙasa, shida-shida jeri biyar, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Ka jera uku ka cinye na abokin karawarka ɗaya. Babu ganga, babu hoto, babu kyauta, amma mutum zai bar abincin rana ya huce a kanta. Na ce wa ɗan ƙanwata mu je mu tambayi wanda ya fi kowa iyawa a cikinsu. Muka gaishe shi, muka ajiye goro, muka ba shi wayar da tsohon wasan kifin. Ya taɓa sau uku ya miƙo mana. “To, wa nika ci?” Muka ce ba kowa, Baba, maki ake tarawa. Ya ce, “Wanga ba wargi ba ne, aiki na.” Muka shimfiɗa masa kasuwar kwali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye mu abu biyu. In ɗaya na ba da canji, ɗayan me yake yi? Muka ce jira yake. Kuma mai sayarwa yana da abin da zai zaɓa, ko duk abin da kati ya ce shi zai yi? Muka yi shiru.

Ya ce a dara ko ba kai ke da hannu ba idonka na kan gurabe, don kuskuren abokinka abincinka ne. Kuma tun wajen dasa 'ya'ya kake shirya cin da za ka yi can gaba, in an cinye ka ka san kai ka jawo, shi ya sa kake cewa a sake. Daga wannan zaman muka fito da dokoki biyu da suka tayar da wasan. Mai saye shi ma yana lissafi a ransa, in aka ba shi canjin da ba daidai ba ya kama, ya ƙwace rumfar. Mai rumfa kuma shi ke zaɓar kayan da zai saro da jarinsa da farashin da zai sa, in ya tsawwala masu saye su tafi rumfar gaba. Asabar ɗin da muka gwada wannan, sai da wata uwa ta aiko a kira mata 'yarta har sau biyu.

Malamin Islamiyyar unguwa shi ma ya shigo, ko da yake ba mu muka gayyace shi ba, labari ne ya kai masa cewa malamin boko na koya wa yara karta. Laifinmu ne, da shi ya kamata mu fara. Na je har gida na baje masa komai. Abu biyu ya ƙi: ɗan dutsen ludo mai ɗigo-ɗigo da muke jefawa don a san wa zai fara saye, da kuma katunan kaya da muka yanka daidai girman karta. Ya ce yaro ya saba da jefa wannan da riƙe wancan, gobe a bayan tasha za ka same shi, kuma iyaye da yawa ba za su bari abin ya shiga gidansu ba ko da lissafin duniya ke ciki. Ɗan ƙanwata ya so ya yi musu, na taka masa ƙafa. Muka cire dutsen, aka koma zaro tsinke daga cikin jaka. Katunan muka mayar da su dogaye kamar rasit. Kafin mu tashi malamin ya ƙara mana wata doka da ba mu yi tunaninta ba: in mai rumfa ya yi kuskure ya ba ka canji fiye da haƙƙinka, ka mayar masa, kai ke da lada biyu a allon maki. Yaran sun fi son wannan dokar fiye da yadda na zata, don tana ba su damar nuna sun fi mai rumfar lissafi kuma sun fi shi kirki a lokaci guda.

Akwai maganar da wata uwa ta yi mini wadda har yau ban gama da ita ba. Ta ce, “Malam, mu muna fama mu raba su da talla, ku kuma kun mayar da talla darasi.” Gaskiya ta faɗa. Tallar nan ita ke sa yarinyar gyaɗa zuwa aji a makare, ita ke sa ta gyangyaɗi. Abin da na iya yi shi ne na mayar da wasan rumfa a kasuwa maimakon faranti a ka, mai rumfa kuma dole ya rubuta cinikinsa a littafin shago kafin a ba shi maki. Wannan rubutun shi ne ainihin gadar da malamin kwaleji ke nema. Ko hakan ya amsa mata, ban koma na tambaye ta ba.

Ba duk abin da yara suka nema muka ba su ba. Mazan sun so a sa ɓarayi da bindiga su tare hanyar kasuwa. A wannan yanki namu, da abin da mutane ke gani a hanyoyin ƙauyuka, ban ma bari an gama maganar ba. Sun so wanda aka ci a yi masa ranƙwashi. Sun so agogo mai ƙirga daƙiƙa, malamin kwaleji ya ce masu sauri uku za su ji daɗi, sauran su daskare, Hajiya ta goyi bayansa, aka bar shi. Shi ma masanin mun hana shi nasa. Ya rubuto bayani shafi guda da yake so a karanta wa yara kafin a fara, da 'yar jarrabawa bayan kowane zagaye. Muka gwada sau ɗaya don kada ya ce an raina shi. Kafin a kai rabin shafin yara biyu sun tafi shan ruwa ba su dawo ba. Da kansa ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Sai batun waya, wanda shi ne asalin tafiyar. Hajiya ce ta sake taka mana birki. Ta tambaye ni yara nawa ne a ajina, na ce sun haura 80. Minti nawa ne darasi, wayoyi nawa makaranta ke da su, ina za a yi caji. A gida kuma wayar ta uba ce, tana fita da shi da safe ta dawo da dare, in ta dawo ma babban ɗa namiji ke fara ɗauka. Ta ce a fara gama na kwali, wanda kowace malama za ta iya yankawa da almakashinta, yara takwas-takwas su zauna a ƙasa su yi. Ɗan ƙanwata ya ce, “Kawu, shekara huɗu na yi a jami'a don in zo in yanka kwalin taliya?” Ya kawo mini misalin XPRIZE, gasar ƙirƙirar manhajar koya wa yara karatu da lissafi da aka kammala a 2019, inda manhajoji biyu, Kitkit School da onebillion, suka yi nasara bayan an gwada su wata 15 a ƙauyukan Tanzaniya da harshen Swahili. Na ce masa ya karanta sauran labarin: an raba wa yaran allunan kwamfuta, an kafa musu wurin caji da hasken rana, kuma dala miliyan 15 Elon Musk ya zuba a gasar. Mu kuma jarinmu goro ne da kuɗin kabu-kabu.

Bai bar manhajar ba, ya dai sake ta daga tushe. Yanzu ƙarama ce, ba ta neman data, ana tura ta daga waya zuwa waya ta Xender, kuma mutum biyu ke yi a waya ɗaya suna fuskantar juna kamar masu dara. Muryar da ke karanta farashi da farko wani abokinsa Bakano ya ɗauka. Yaran suka riƙa kwaikwayonsa suna dariya, su da ke cewa kihi shi yana cewa kifi. Malamin kwaleji ya ce rubutun da ke kan allo ya zauna a daidaitacciyar Hausa tunda ita za su tarar a littafi, muryar kuwa a bar wa 'yan gida. Ƙanwar yaron ce ta sake ɗauka, a cikin ɗaki da tsakar dare lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru. Wani malami daga Kamba da ya ga wasan ya ce in za a kai can bakin iyaka sai an sake zama da yaransu, don rabinsu da dala da jikka ta sefa suke ƙirge.

Ban yi wani awo da zan kafa hujja da shi ba, abin da idona ya gani a aji ɗaya kawai nake da shi. Yarinyar gyaɗa yanzu in na ba ta 500 − 270, sai ta zana 'yan akwatuna biyar a gefen shafi, ta soke ɗaya ta zana goma ƙanana a madadinsa, ta cire, ta rubuta 230. A hankali take yi, kuma in na hana ta zanen wani lokaci tsohon kuskuren na dawowa. Akwai yara wajen goma a bayan aji da wasan bai motsa su ba ko kaɗan, don su ko lambobin ba su gama ganewa ba, abin da suke buƙata daban ne.

Makon jiya ita wannan yarinya, da a rana ta farko ko wayar ba ta taɓa ba, ta tsayar da wasa ana tsakiyar yi. Wata ƙawarta ta zo sayen shinkafar 600 da 450 a hannu, doka kuma ta ce in kuɗinka bai kai ba ka wuce. Ta ce wannan dokar ƙarya ce, ba a yin haka a kasuwa, mutum ba ya korar wanda ya saba saye a wurinsa. Ta ba ta shinkafar, ta jawo littafin shago ta buɗe sabon shafi, ta rubuta sunan ƙawar da 150 a gabansa, ta ja layi a ƙasa. Kafin a tashi rumfuna uku sun buɗe shafin bashi.

Na kira malamin kwaleji da daddare na ba shi labari. Ya ce abin da ta buɗe ƙofar lambobin da ke ƙasa da sifili ne, kuma a manhajar karatu sai an shiga ƙaramar sakandare ake taɓa su, a bar shi tukuna kada a rikita sauran. Malamin Islamiyya ya ce in za a bar bashin, to a sa shaidu biyu kuma kada a yarda a ƙara ko sisi wajen biya. Hajiya ta ce minti 35 ba za su ɗauki ciniki da bin bashi ba. Ɗan ƙanwata takardar bautar ƙasarsa ta fito, saura mako uku ya tafi, yana tambayata ko ya sa shafin bashin a manhaja ko ya bari. Mun sa zama ranar Asabar bayan la'asar a ƙarƙashin dogon yaro, na kuma aika gidansu yarinyar a roƙa mana mahaifiyarta ta bar ta ta zo ba tare da faranti ba.